An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Harshen Koyarwa da Hujjar da Ba Ta Kai Hujja Ba

A ranar 12 ga Nuwamba 2025, a wani taro kan harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja, Ministan Ilimi na Nijeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa. Daga yanzu, in ji shi, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Manufar da aka soke ɗin ba ta ko cika shekara uku ba. Malam Adamu Adamu ne ya sanar da ita a ƙarshen Nuwamban 2022, ta tanadi cewa a koyar da yaro da harshensu na gida, ko harshen da ya mamaye yankinsu, tsawon shekaru shida na firamare. Tun a ranar shi kansa Malam Adamu ya amsa cewa aiwatarwar za ta yi wuya, domin babu littattafai kuma babu malaman da aka horar.

Tufka da warwara ba baƙon abu ba ne a ma'aikatun ilimi, kuma da a nan zancen ya tsaya da ba a ɓata tawada a kansa ba. Abin da ya sa wannan warwarar ta cancanci a tsaya a kanta shi ne kalmar da ministan ya jingina da ita. Cewa ya yi hujja ya bi, bai bi son rai ba. Ya ce an duba sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, an ga mummunar faɗuwa a shiyyoyin da suka rungumi harshen uwa fiye da kima, har ya ce wannan ɗabi'a ta rusa ilimi a wasu yankuna cikin shekaru 15 da suka wuce. Kowa ya gane yankunan da ake nufi. Gina harkar makaranta a kan hujja abu ne da aka daɗe ana roƙon gwamnatoci su yi, don haka ranar da minista ya furta kalmar da bakinsa ya kamata ta zama ranar murna. Sai dai kalmar tana da sharuɗɗa, kuma abin da aka gabatar a Abuja bai cika ko ɗaya daga cikinsu ba.

Manomi ya san sharaɗin farko ko da bai taɓa shiga aji ba. Idan ya shuka iri guda a fadama, ya zuba masa taki, ya yi noma a kan kari, sannan ya shuka wani irin a kan tsandauri babu taki babu noma, ba zai zo da kaka ya ce irin farko ya fi na biyu ba. In yana son sanin gaskiyar iri, gona ɗaya zai raba biyu, taki ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya, iri ne kaɗai zai bambanta. Masu binciken ilimi ba su ƙara wani abu mai yawa a kan wannan hikimar ba. Suna ɗaukar makarantu masu kama da juna, su jefa ƙuri'a, rabi su sami sabon tsarin, rabi su ci gaba da yadda suke, a auna yaran kafin a fara, a sake auna su bayan an gama. Ƙuri'ar ce ke hana mai bincike ya zaɓi fadama wa abin da yake so, ya bar tsandauri wa abin da yake ƙi. Inda ƙuri'a ba ta yiwu ba, akwai wasu dabarun lissafi da ke ƙoƙarin kusantar ta, amma duk manufarsu ɗaya ce, wato a ware abu guda daga cikin tarin abubuwan da suka cakuɗe.

To a dubi abin da ministan ya kwatanta. Da farko akwai lissafin shekaru, wanda ɗan aji uku zai iya yi. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a Satumban 2023, wato zangon farko bayan manufar 2022, ba zai zauna jarrabawar WAEC ba sai a 2035. Waɗanda suka rubuta ta a 2025 sun bar firamare tun 2019. Babu ɗalibi ko ɗaya a faɗin ƙasar da ya taɓa rubuta WAEC ko NECO ko JAMB bayan ya yi karatu a ƙarƙashin manufar da aka soke. An yanke wa manufa hukunci da shaidar mutanen da ba su taɓa ganin ta ba.

Mai kare ministan zai ce ai ba manufar 2022 kaɗai ake nufi ba, tsohuwar al'ada ake nufi, domin tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida kafin a juya zuwa Turanci, kuma malaman Arewa sun daɗe suna Hausa a cikin aji. Wannan ya fi ƙarfi, amma ya dogara ne a kan ruɗa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba, wato yin Hausa a aji da koyarwa da Hausa. Abin da ke faruwa a makarantar gwamnati ta ƙauye sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙawa ta taga. Littafin, in akwai shi, na Turanci ne, kuma yana hannun malami. Malamin yana kwafe jimla a allo da Turanci, yara su maimaita ta da ƙarfi kamar waƙa, sannan ya juya ya fassara musu da Hausa da baki don su san inda aka dosa. Ranar jarrabawa takarda ta zo da Turanci. Ba a koya wa yaron karanta Hausa ba, ba a kuma koya masa jin Turanci ba. Wannan ne ya sa da aka gwada karatun yaran ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labarin Hausa da aka miƙa musu ba. Da a ce Hausa ta cika azuzuwan nan har ta yi ambaliya, kamar yadda ake zargi, da aƙalla yaran sun iya karanta ta. Abin da aka kira wuce gona da iri a koyarwa da harshen uwa, in aka matsa kusa, malami ne da ya rasa yadda zai yi da yara ɗari da littafin da ba sa ji, ya koma ga harshen da zai hana su kallon sa kamar gunki.

Sannan ga tsandaurin da aka kwatanta da fadama. Shiyyoyin da ke faɗuwa jarrabawa su ne shiyyoyin da suka fi talauci, suka fi cunkoson aji, suka fi ƙarancin ƙwararrun malamai, suka fi yawan yaran da ke zuwa makaranta yau su ɓace gobe saboda talla ko gona ko kiwo. Su ne inda Boko Haram ta ƙone makarantu, inda 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantun kwana na watanni bayan Kankara da Jangebe da Tegina. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya kayar da ɗalibi. Wanda ya tsallake su duka ya nuna harshe da yatsa, wajibi ne ya faɗi yadda ya yi ya ware shi daga sauran. Jadawalin sakamakon jarrabawa jiha-jiha ba ya iya wannan aikin, komai yawan shafukansa.

Ko ma'aunin da aka dogara da shi sai da ya yi rawa a shekarar. A watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta nemi afuwa, ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. A watan Mayu kuma JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. Wannan ba ya nufin jarrabawoyin ba su da amfani. Yana nufin an ƙera su ne don tace masu shiga jami'a, kuma mai son sanin abin da ya faru da yaro ɗan shekara bakwai a aji biyu ba zai same shi a takardar ɗan shekara goma sha takwas ba, balle yaran da suka watse tun kafin sakandare, waɗanda babu jadawalin WAEC da ya san da zamansu.

Abin takaicin shi ne tambayar da ministan ya amsa da ka, tambaya ce da aka yi shekaru hamsin ana bincike a kanta, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a duniya a Nijeriya aka yi shi. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yaran firamare dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekaru shida, Turanci kuma a matsayin darasi mai zaman kansa, suna kwatanta su da waɗanda aka juya su zuwa Turanci bayan shekara uku. Aikin ya kai 1978. Yaran Yarabanci ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su a wasu darussan. Gwajin yana da rauni da ya kamata a faɗa: rukunin farko na yaran Yarabancin sun sami malamin Turanci na musamman da sababbin littattafai, don haka ba a iya cewa harshe ne kaɗai ya yi aikin. Amma gwaji mai rauni da aka bayyana rauninsa ya fi kallon jadawali nesa ba kusa ba. Fafunwa daga baya ya riƙe kujerar Ministan Ilimi, daga 1990 zuwa 1992, kuma takardun aikin suna nan ga mai son karantawa.

Bayan Ife an yi wasu da suka fi shi tsauri. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan dubban makarantu, suna lura da waɗanda suka canza harshen koyarwa daga wata shekara zuwa wata, ta yadda makaranta ɗaya za a kwatanta da kanta. Abin da suka wallafa a 2016 shi ne yaran da suka yi aji ɗaya zuwa uku da harshen gida sun fi iya Turanci a aji huɗu zuwa shida a kan waɗanda aka fara musu da Turanci tun ranar farko. Wannan ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa, cewa mai son Turanci ya fara shi da wuri. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Karatu abu biyu ne da aka ninka da juna, kamar yadda Gough da Tunmer suka tsara a 1986: iya mayar da haruffa sauti, da fahimtar abin da sautin ke nufi. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne. Yaron Gumel da ya haɗa "ra" da "go" ya ji "rago" ya fito daga bakinsa, nan take ya san ya karanta wani abu, domin ya san ragon. Wannan ɗan farin cikin shi ne ke gaya masa cewa ya yi daidai, shi ne kuma ke sa shi neman kalma ta gaba. In kalmar ta Turanci ce da bai taɓa ji ba, ko ya furta ta daidai babu abin da zai tabbatar masa. Ƙari a kan haka, rubutun boko na Hausa yana bin sauti kusan sau da ƙafa, in aka ɗauke tsawon wasali da karin sauti da ba a rubutawa, alhali Turanci yana rubuta though da through da tough da wutsiya iri ɗaya ya karanta su hanya uku. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai a 2003 ya nuna cewa yaran da harsunansu ke da daidaitaccen rubutu suna kama karatu cikin shekarar farko, yaran Turanci kuwa, 'ya'yan masu harshen, suna ɗaukar fiye da ninki biyu na wannan lokacin. Dabarar haɗa harafi da sauti sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa. Wanda ya koye ta a harshe mai sauƙin rubutu da yake ji, da ita zai shiga Turanci.

Sai dai hujja ba ta da dangi, kuma a nan ne masu kare Hausa su ma za su ji babu daɗi. A yankin Kom na Arewa maso Yammacin Kamaru an koyar da yaran makarantu 12 da harshensu tsawon shekara uku daga 2007. Sun yi wa takwarorinsu fintinkau a aji ɗaya da aji uku, amma da aka juya su zuwa Turanci zalla, ratar ta tsuke ƙwarai kafin su kai aji biyar. Ana iya karanta wannan a matsayin dalilin tsawaita harshen gida zuwa shekara shida, kuma masu binciken sun karkata can, amma ba a iya karanta shi a matsayin cewa shekara uku na harshen uwa rigakafi ne na har abada. A Kenya kuma, wani gwaji da aka yi da ƙuri'a a harsunan Lubukusu da Kikamba ya nuna yaran sun fi iya karanta harshen nasu, amma hakan bai ƙara musu komai a Turanci ko Kiswahili ba a tsawon lokacin da aka auna, lissafinsu ma ya ɗan ja baya. Cikin dalilan da aka kawo akwai malaman da ba sa jin harshen garin da aka tura su, da iyayen da ba su yarda da tsarin ba. Duk wanda ya san Sabon Gari a Kano ko Tudun Wada a Jos ko ƙauyukan Kudancin Kaduna da Adamawa ya san tambayar "harshen uwar wa?" ba raini ba ce. Bafulatanin ruga ko Bakanuren da aka koyar da Hausa, shi ma da harshen wani aka koyar da shi, ko da yake yana jin ta a kasuwa fiye da yadda zai taɓa jin Turanci.

Martanin da aka mayar wa ministan a kafafen sada zumunta, mafi yawansa, irin hujjarsa ce aka juya mata riga. An ce ga Sin ga Japan ga Jamus, duk da harshensu suka ci gaba. To ai wannan ma kwatanta fadama ne da tsandauri. An ce Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam da Hausa suka fara elementare, kuma Turancinsu ya gagari na 'yan yau. Gaskiya ne makarantun elementare na zamanin En'e da Hausa suke farawa, amma yaran da suka kai Kwalejin Katsina 'yan ƙalilan ne da aka tace aka sake tacewa daga lardi guda guda, ba a auna tsari da zakarun da ya fitar. An kuma yi maganar martabar harshe da gadon kakanni, wadda magana ce mai daraja a wurinta, sai dai ba ta amsa tambayar uban da ke son ɗansa ya ci JAMB. Uban nan ba jahili ba ne. Ya ga cewa takardar neman aiki da Turanci ake cika ta, ya ga masu yi masa wa'azin harshen uwa sun kai nasu 'ya'yan makarantun kuɗi inda ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. Amsar da ta dace da shi ita ce ta Afirka ta Kudu, wato hanyar Turancin ɗansa ta Hausa ta bi, tare da sharaɗin da Kom da Kenya suka gindaya: sai an yi abin da kyau, kuma sai an koyar da Turancin kansa a matsayin darasi, da malamin da ya iya shi, tun daga farko.

Wannan "da kyau" ɗin ma an auna shi, kuma a nan ne binciken shekaru talatin ya fi amfani, domin ya sha kunyata abubuwan da kowa ya ɗauka tabbas ne. A tsakiyar shekarun 1990 Michael Kremer da abokan aikinsa suka raba littattafan karatu a makarantun yammacin Kenya ta hanyar ƙuri'a. Kowa ya sa ran maki zai tashi. Bai tashi ba, sai ga yaran da dama su ne kan gaba a aji. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, don haka ga ɗalibi matsakaici littafin da babu duk ɗaya. Wannan binciken, wanda yana cikin ayyukan da suka kai Kremer ga kyautar Nobel a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, kusan hoton abin da sabuwar manufar Abuja za ta haifar ne. A Peru an raba wa yaran karkara kwamfutoci ɗaya-ɗaya, aka auna, ba a ga ƙari a karatu ko lissafi ba. Gwamnonin da ke ɗaukar hoto da allunan lantarki ba su ji labarin ba, ko sun ji sun share.

Abin da ya yi aiki ba shi da ƙyalli. A Kenya, kafin a faɗaɗa shirin Tusome zuwa dukkan makarantun gwamnati a 2015, an gwada sinadaransa ɗaya bayan ɗaya. Horar da malamai da ziyartar su kaɗai bai motsa abu mai yawa ba. Da aka ƙara littafi a hannun kowane yaro, sai aka ga motsi. Da aka ƙara littafin jagoran malami, mai darasin kowace rana a tsare, sai ribar ta fi ko'ina. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki wata hanya ga yaran da suka riga suka wuce ƙananan azuzuwa ba su iya karatu ba: a gwada kowane yaro na 'yan mintoci, a raba su rukuni bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, mai harafi da masu harafi, mai kalma da masu kalma, a ba su sa'a ɗaya ko biyu a rana. A jihar Uttar Pradesh, cikin kwanaki kamar hamsin na irin wannan zama, adadin masu iya karanta sakin layi ya ninka na makarantun da ba a taɓa ba. Kwamitin masana da Bankin Duniya da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka kafa ya sanya waɗannan hanyoyi biyu a sahun farko na abin da ya fi riba a rahotonsa na 2023. Malamin tsangaya zai yi murmushi in ya ji ta biyun, domin shi bai taɓa ɗora wa almajiri sabon allo ba sai ya biya na hannunsa, kuma bai taɓa tambayar shekarunsa kafin ya yanke inda zai tsaya ba. Makarantar boko ce ta ƙirƙiro tafiya da manhaja a bar yaro a baya.

Kuma ba sai an je Nairobi ko Lucknow ba. Duk hanyoyin nan an gwada su da Hausa, a ƙasar Hausa. Tsakanin 2014 da 2015 an yi gwaji da ƙuri'a a makarantun Bauchi da Sakkwato, aka ba malaman aji biyu jagora da horo, aka ba yara littafin Hausa. Sanin sautin haruffa ya ƙaru a fili, ko da yake yawancin yaran ba su kai ga karatu a sake ba cikin wannan ɗan lokacin, abin da ke nuna zurfin ramin da ake fitowa daga ciki. Daga nan aka samu littattafan Mu Karanta! a jihohin biyu, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, da gwajin raba yara bisa matakinsu a Borno da kuma ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. A ƙetaren iyaka, Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Akwai littattafai da aka riga aka rubuta, akwai malamai da aka riga aka horar, akwai alƙaluman yara da aka auna kafin da bayan. Yawancin wannan aiki da kuɗin baƙi aka yi shi, kuma hukumar USAID da ta ɗauki nauyin kaso mai tsoka an rufe ta a 2025. Wato a daidai shekarar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa, a lokacin da ake jiran gwamnati ta karɓi abin da aka gwada aka ga alamarsa, sai ta sanar da cewa harshen da aka yi aikin da shi ne matsalar.

Wanda zai biya kuɗin wannan hukunci ba ɗan ma'aikacin banki ba ne ko ɗan lakcara, wanda ke jin Turanci a falo da talabijin tun yana rarrafe, kuma makarantarsa ba ta taɓa bin manufar 1977 ba balle ta 2022. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da tushen karatu. Sauran ukun ne ake magana a kansu. Su sanarwar Abuja ba za ta sa malaminsu ya wayi gari da Turancin da ba shi da shi ba. Zai ci gaba da fassara da baki kamar jiya. Abin da zai canza shi ne jami'in da ke shirin buga littafin Hausa na aji ɗaya yanzu yana da dalilin fasawa, kuma mai duba makarantu yana da dalilin tsawata wa malamar da ya tarar tana koyar da "ba, bi, bu".

Ilimin firamare a Nijeriya ba na Abuja kaɗai ba ne. Jihohi ne ke da makarantun, hukumomin SUBEB ne ke ɗaukar malamai da sayen littattafai, kuma babu abin da ya hana kwamishinan ilimi na Kano ko Jigawa ko Katsina ya yi abin da ma'aikatar tarayya ta tsallake. A zaɓi makarantu ɗari biyu masu kama da juna, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Ɗari su yi Turanci zalla daga aji ɗaya kamar yadda minista ya ce, da littafi a hannun kowane yaro da jagora a hannun kowane malami, don kada a ce an yi musu rowa. Ɗari su yi Hausa da kayan aiki iri ɗaya, Turanci yana darasi. A sa wata jami'a da ba ta da hannu a shirin ta auna yaran a ƙarshen aji uku da aji shida, a harsunan biyu da lissafi, a kuma yi alkawarin wallafa sakamakon tun kafin a san wanda zai yi wa daɗi. Awon kansa ba ya cin kuɗi mai yawa: takarda ɗaya mai gajeren labari, agogo, da minti ɗaya ga kowane yaro, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambaya biyar a kan abin da ya karanta. In aka fara da zangon Satumban 2026, alƙaluman farko za su fito a 2029, shekara shida kafin ɗalibin farko na manufar da aka soke ya isa zauren WAEC.